Agogon da Ke Ƙirga Zuciyata

A shekara ta biyu bayan sojoji sun koma bariki, Baffa ya kira ni bayan rumfarsa ya ce wannan karon shi ne na ƙarshe. Ƙanin mahaifina ne, shi ya riƙe ni tun ina ƙarami, kuma a rumfarsa ta fata nake aiki, dab da mayankar Agege. Muna karɓar ƙiraga daga hannun mahauta, mu kankare kitsen, mu zuba gishiri, mu jibge su har motar Kano ta zo. Waɗanda wuƙa ta ɓata mu tura wa masu ganda. Aikin ba ya son dogon tunani, baya yake ci, kuma ya riga ya gama cin na Baffa.

“Ka haura talatin,” in ji shi. “Mata gare ka da ’ya’ya biyu, amma kana yawo a titi da wando kamar an shafa maka baƙin fenti. Na ji an ce bayan Babbar Sallah za a zaɓi waɗanda za su yi wa jiha tseren keke. Ka je ka gwada. In sun ɗauke ka, Allah Ya sa albarka, ni zan nemi mai riƙe mini rumfa. In ba su ɗauke ka ba, ka mayar wa mutane kekensu ka zo ka zauna.”

Na ce, “To, Baffa.” Me zan ce? Gaskiyarsa ce, kuma abin da ya fi ba ni haushi ke nan.

Keken da yake magana ba nawa ba ne. Na ƙungiyarmu ne, wata ’yar ƙungiyar masu tseren keke da ke haɗuwa duk Lahadi a Ebute Metta, a ƙofar gidan mai koyar da mu. Yarbawa ne da Ibo, ni kaɗai ne Bahaushe, shi ya sa ba wanda ya taɓa wahalar da kansa da sunana, Aboki kawai suke cewa. Shekarun soja duk mun yi su muna hawa don kanmu, ba gasa ba komai, mu tsere wa juna, mu sha ruwan leda, mu watse. Da farar hula suka dawo aka ce za a farfaɗo da wasanni, har da kai ’yan wasa wasu jihohi, da masauki, da riga mai sunan jiha a ƙirji. Ni rigar nan nake so. Ban ɓoye wa kowa ba a lokacin, yanzu ma ba zan ɓoye ba, na so ta ƙwarai.

Mai koyar da mu Koci muke ce masa. Bayerabe ne, Kirista, tsohon ma’aikacin jirgin ƙasa da ya yi shekaru a Kano, don haka da Hausa yake mini magana, irin Hausar tasha, zan ɗan gyara masa ita a nan. Shi kaɗai yake ce mini Malam. Mutum ne mai haƙuri, amma in sabon abu ya shigo hannunsa ba ya barin kowa ya huta.

Sabon abin wannan shekarar ɗansa ne ya aiko masa daga Turai: wani baƙin bel na roba da ake ɗaurawa a ƙirji, a kan fata, da agogon da ake ɗaurawa a kan keke. Bel ɗin yana jin bugun zuciya, agogon yana nuna lambar. Koci ya zaunar da mu a kan dakalin gidansa ya yi mana bayani. Ya ce duk mai tuƙa keke yana da iyaka. In kana taka feda, ƙafafunka suna zubar da wani abu a cikin jini, laktet ya kira shi. Muddin kana tafiya a hankali, jiki na kwashe shi yadda yake zuwa. In ka ƙara wuta, akwai inda za ka kai zubarwar ta fi kwasar yawa, sai ya fara taruwa, cinya ta ɗau zafi, numfashi ya tsinke. Wannan ban sha wuyar gane shi ba, don kullum ina ganin kwatar mayanka: ranar da yanka ya yi kaɗan ruwa na wucewa, ranar da ya yi yawa sai ta cika ta tumbatsa.

A Turai, in ji shi, yatsa ake hudawa a ɗebi jini a sa a na’ura. Mu ba mu da na’ura, titi gare mu da wannan agogo. Mutum zai tuƙa minti talatin shi kaɗai, da duk ƙarfin da zai iya riƙewa har ƙarshe, ba tsayawa. In minti goma na farko ya wuce ya danna maɓalli, agogon ya fitar da matsakaicin bugun zuciyarsa na sauran lokacin. Wannan lambar ita ce iyakarsa. Daga ita Koci zai yanka masa hawa biyar, kamar bene: na ƙasa na hutu, na biyu na doguwar tafiya, a haka har na huɗu da ke dab da iyakar, da na biyar da ya wuce ta.

Ranar da aka sa mana ta faɗo cikin azumi. Ni ban ga abin magana a nan ba. Tun ban yi gemu ba nake azumi, a cikinsa nake ɗaukar ƙiraga, a cikinsa nake hawa keke, kuma duk unguwarmu haka ake yi, ba mai ajiye sana’arsa. Koci ya ce kowa ya ci abinci sosai kafin ya fito, na kuwa ci, da sahur na cika cikina da tuwo da shayi.

Fita daga Agege a kan keken tsere aiki ne mai zaman kansa. Dogon wando nake ɗorawa a kan matsattsen, don ba zan wuce ta gaban abokan Baffa cinyoyina a waje ba. Sannan duk dattijon da na haɗu da shi sai na sauka na gaishe shi, ya tambayi gida, ya tambayi rumfa, ya dubi keken ya girgiza kai. Sai na kai wajen Ikeja nake tsayawa bayan wani kanti in cire wandon in cusa a aljihun baya. Daga nan na tuƙa har Ikorodu, muka haɗu da sauran, muka wuce garin zuwa inda motoci suka yi sauƙi.

Mu huɗu ne Koci yake sa ran kaiwa zaɓe, bel ɗin kuwa ɗaya ne. Aka fara ɗaya bayan ɗaya, shi yana bin kowa a bayan okada, babur ɗin haya. Ni aka bari na ƙarshe, wai Aboki ba ya gajiya. Na zauna gindin wata bishiya ina kallon inuwarta tana tsukewa, sauran suna tsotsar ruwan ledarsu. Kafin a zo kaina rana ta take tsaka, kwalta na tururi, bel ɗin ya jiƙe sharkaf da gumin mutum uku. Na ɗaura shi a haka.

Ba zan manta wannan minti talatin ba. Goman farko na ji ni garau, har ina jin haushin jiran da aka sa ni. Na danna maɓalli. Daga nan bakina ya bushe ƙaƙas, harshena ya manne a dasashi, ba yawun da zan haɗiya. Zuciyata na bugawa har cikin kunnuwana. Cinyoyina suka ɗau zafi, zafin ya hau ƙugu ya tsaya. Ina jin okadan a bayana, ina jin Koci yana cewa, “Riƙe, Malam, riƙe haka, kada ka ƙara.” Na daina ganin gefen hanya, sai tayar gaba da gumin da ke ɗiga a kan ƙarfen keken. Da ya ce ya isa, na sauka na durƙusa a ciyawa, jiri na ɗibata. Ya miƙo mini ruwa, na girgiza kai, don ko magana ba na iyawa. Ya ce ba komai, wasu amai ke taso musu in sun gama.

Ya duba agogon ya ɗaga gira. Ɗari da saba’in da tara. “A shekarunka?” ya ce. Ya yi ta nanata wa sauran cewa girman lamba ba shi ne ƙarfi ba, kowa da irin zuciyarsa, amma wa zai saurare shi? Har muka dawo gari suna cewa Aboki injin okada aka sa masa. Ni ma, gaskiya, abin ya yi mini daɗi.

Bayan Ƙaramar Sallah Koci ya ba ni bel ɗin da agogon in tafi da su gida. Sauran ukun kusa da shi suke, yana ganinsu da idonsa a mako, ni kuwa ina can Agege ina hawa ni kaɗai. Ya ce agogon ne zai zama idonsa a kaina. Ya saita shi yadda in bugun ya faɗi ƙasa da hawan da aka sa mini a ranar, sai ya yi ta kuka kamar ɗan tsako har sai na ƙara ƙarfi. Yawancin ranaku hawa na biyu, doguwar tafiya. Sau biyu a mako hawa na huɗu, in hau in sauko, in sake hawa.

Matata ce ta fara yi wa bel ɗin suna. Haifaffiyar Agege ce, bakinta ya fi na mahauta kaifi. Ta gan ni ina ɗaura shi da asuba, ta tsaya da buta a hannu ta ce, “Maigida, in bireziya kake so ai da ka yi magana, ina da wadda ta yi mini kaɗan.” Na yi dariya ranar. Ita ce dariyar ƙarshe da na yi a kan maganar.

Da an sallame sallar asuba nake fita, in bi hanyar Ota kafin motoci su farka, in dawo rumfa da hantsi. Koci ya ce hawa na biyu tafiya ce mai sauƙi, wadda mutum zai iya hira da na kusa da shi. Ni ba ni da na kusa, sai na gwada magana ni kaɗai, na ga ba na haɗa kalma huɗu ban ja numfashi ba. In na sassauta don in samu numfashin, agogon ya fara kuka. Na ce tuwon Sallah ne da lalaci, na ƙara taka feda har ya yi shiru.

Haka na yi ta yi. Ranar sauƙi ba sauƙi, ranar wuya kuwa ba a magana. Hawa na huɗu ya zama mini kamar rufin ɗaki: in yi tsalle in taɓa, in faɗo. Abin mamaki, duk yadda na ƙara gajiya, zuciyar ƙara nawa take yi. Ƙarfin da makon jiya ya kai ni lambar, wannan makon ba ya kai ni, sai na ƙara. Ina taka feda kamar mai bin ɓarawo, ’yan okada na yi mini kirari, agogon kuwa yana kukansa, wai ban yi komai ba. Akwai safiyar da na tsaya bakin hanya na zage shi tas, da Hausa da Yarbanci, wata mai ƙosai tana kallona. Na gama na koma na hau, don shi ne idon Koci, kuma ni na ce ina son riga.

Gajiyar ba irin wadda na sani ba ce. Na san gajiyar aiki, wadda in ka ci tuwo ka kwanta ta tafi. Wannan kuwa in na tashi da safe tana nan zaune tana jirana. A ruku’u gwiwoyina rawa suke yi. A zaman tahiya barci ya sha ɗauke ni sai na kusa da ni ya taɓa ni. In na kwanta kuma barcin ya ƙi zuwa, ƙafafuna na ta zillo kamar har yanzu suna kan feda. Mura ta kama ni ta ƙi saki. Abinci ya fita raina, ni da nake cinye malmala uku. A rumfa ƙirgin da nake ɗagawa ni kaɗai sai da na fara jansa a ƙasa. Baffa kuwa yana gani.

A gida na zama abin gudu. Yarana in sun ji ƙarar sarƙar keke a soro sai su shige ɗaki. Wata rana na daka wa ƙaramar tsawa don ta taɓa agogon, matata ta ɗauke ta, ta dube ni ta ce, “Ni dai abin da idona ya gani shi ne, mutum yana fita da ƙafafunsa, yana dawowa yana jan su. In wannan shi ne horo, Allah Ya sauwaƙe.” Na ce mata ba ta san komai a kan keke ba. Ta ce haka ne, amma ta san mijinta.

Duk Lahadi Koci sai ya tambaye ni, “Yaya jiki, Malam?” In ce lafiya lau. A gidan da na tashi ba a gaya wa babba ka gaji. Ko kafaɗarka ta goce, in ya tambaya alhamdulillahi za ka ce, shi ne zai duba ya gani. Koci kuwa ba ya ganina sai a cikin ayari, inda nake laɓewa a bayan wasu iska ba ta dukana. Ya duba agogon ya ga na cika lambobinsa, ya dafa kafaɗata. Sai da aka kai Lahadin da ayarin ya bar ni a wani ɗan tudun da ban taɓa lura ma tudu ba ne, sannan ya ce a koma Ikorodu a sake aunawa.

Saura kwanaki kaɗan Babbar Sallah. Hanya ɗaya, Koci a bayan okada kamar wancan karon, amma yanzu da sassafe ne, na karya da burodi da shayi, da gorar ruwa a jikin keke. Na danna maɓalli, na ba shi duk abin da nake da shi, abin da nake da shin kuwa ba shi da yawa. Cinyoyina ba zafi suka yi ba, nauyi suka yi, kamar an cika su da jiƙaƙƙen yashi. Lambar ta hau ta tsaya can ƙasa da ta da, ta ƙi motsi. Ban kai ƙarshe ba. Na ga kawai ƙafafuna sun daina juyawa, keken ya gangara da ni gefen hanya ya tsaya.

Muka zauna a bencin wata mai abinci. Koci ya yi ta jujjuya agogon a hannunsa, ya ce ko batir ne, ya ɗaura bel ɗin a ƙirjinsa ya gwada, lafiyarsa ƙalau. Ya sayo ruwan leda ya miƙo mini, na fasa na shanye, na karɓi na biyu.

“Yau ka sha,” in ji shi. “Wancan karon ka ƙi.”

“Ai wancan karon azumi nake yi.”

Ya ajiye agogon a kan benci a hankali. “Azumi. Ranar gwajin?”

“Cikin watan azumi ne, Koci.”

“Na san watan ne. Na ɗauka ranar gwaji za ka ajiye. Tun yaushe rabonka da ruwa, lokacin da ka hau?”

“Tun kafin asuba.”

“Ka tuƙo daga Agege, ka zauna a rana har tsakar rana, sannan ka hau.” Ya rufe fuskarsa da tafin hannu. Da ya buɗe ya yi mini bayani, muryarsa ƙasa-ƙasa. In jiki ya bushe jini yana raguwa, sai zuciya ta ƙara sauri don ta kai abin da ta saba kaiwa. Ga zafin rana a kai. Lambar da muka samu ranar ba iyakata ba ce, lambar mai ƙishirwa ce, ta haura tawa ta gaskiya nesa ba kusa ba. Duk hawa biyar ɗin da ya yanka mini a kanta ya yanka su. Abin da nake kira tafiyar sauƙi, dab da iyakata nake yin ta, kullum, tun Ƙaramar Sallah.

“Me ya sa ba ka faɗa mini ba?” ya ce.

“Ba ka tambaya ba. Ni kuma ban san abin faɗa ba ne.”

“Shekarata nawa a Kano,” in ji shi. “Ni ya kamata in tambaya.”

Ban ji haushinsa ba, ban kuma ji haushin kaina ba. Ba ni da ƙarfin jin haushi. Abin da na ji kawai shi ne ina so in kwanta a kan bencin nan in yi barci, ƙudaje su yi abin da suka ga dama.

Ya ce magani ɗaya ne, hutu. Kada in taɓa keke sai ana jibi zaɓe. In ci, in sha, in kwanta, in ɗaga ƙafafuna a bango. Ya ce aikin da na yi yana nan cikin jikina, gajiya ce ta danne shi, in ta ɗaga zai fito. Ko za ta ɗaga kafin ranar, wannan bai sani ba. Na ce to. Ban gaya masa abin da Babbar Sallah take nufi a rumfar fata ba, don ko na faɗa ba abin da zai iya yi.

Duk ragon da aka yanka a Agege da kewaye, fatarsa wajenmu take ƙarewa. Daga ranar layya ake fara kawo su, a baro, a buhu, a bayan okada, a kan yara da manya, kuma fata ba ta jira: in ba ta sha gishiri a ranar ba ta lalace. Shekara guda Baffa yake jiran waɗannan kwanaki. Yaya zan tsaya gabansa, shi da ke duƙe da ciwon baya yana barbaɗa gishiri, in ce ni an ce in ɗaga ƙafa a bango? Na ɗauki buhunan gishiri daga bakin titi zuwa rumfa, na tsuguna na kankare, na miƙe na jibge, na sake tsugunawa. Gishiri ya cinye mini hannuwa. Keken yana jingine a soro yana hutawa, ni ban huta ba.

Ranar zaɓe aka tara mu da ’yan wasu ƙungiyoyi a wannan hanyar ta bayan Ikorodu. Mutanen hukumar wasanni suka zo da motarsu da tuta. Koci ya karɓi agogonsa ya ce yau ba lamba, in bi ayari kawai, kada in ja gaba. Aka ɗaga tuta muka tashi. Na zauna tsakiyarsu, na ji daɗin iskar da suke tare mini, har na fara cewa wataƙila. Da muka iso tudun farko na gaba suka miƙe a kan feda, ni ma na miƙe, na aika wa ƙafafuna saƙo, ba amsa. Tayar da ke gabana ta yi nisan taku ɗaya, ta yi na biyu. Na baya suka rabu biyu suka wuce ni, wani ɗan ƙungiyarmu ya ce, “Oya, Aboki,” ya ɗan tura ni a baya da hannu, shi ma ya tafi. Na bi su da ido har suka sha kwana.

Na ƙarasa dai, ni kaɗai, ana naɗe tuta. A cikinmu mutum ɗaya aka ɗauka, wani mai aikin buga takardu a Mushin, kuma ya cancanta, ban taɓa cewa bai cancanta ba. Koci ya ce in tafi da keken gida tukuna, in an tashi buƙatarsa zai aiko. Da na isa rumfa Baffa ya dubi fuskata. Ya matsa mini a benci, ya ɓare goro ya ba ni rabi.

Bayan Sallah kasuwar fata mutuwa take yi, kowa na da nama a gida, yanka ya ja baya. Na zauna a rumfa ba abin yi sai korar ƙuda. Na yi barci a kan buhunan gishiri, na yi barci a gida, na yi barci har matata ta fara taɓa goshina ko zazzaɓi ne. Murar ta tafi. Na koma cin tuwona uku. Yarana suka dawo hawa bayana. Keken ko kallonsa ba na yi, na rufe shi da tsohon zani don kada ya dame ni.

Sai ga saƙon Koci ta bakin wani direban motar haya ta danfo: wanda aka ɗauka zai yi tafiya, kekensa ba shi da kyau, in kawo nawa ranar Lahadi.

Na yaye zanin, na buga iska, na fita da safe ba na sauri, don me zan yi wa sauri? Ina wuce Ikeja na ji wani abu da na manta da shi. Fedar ba ta da nauyi. Na ɗan taka, keken ya zabura. Na ƙara, numfashina bai ko motsa ba. Na ce ƙarya ne, iska ce a bayana, sai na ga ledojin bakin hanya ni suke nufowa. A gadar Oshodi na miƙe tsaye, na hau ta kamar ba gada ba, na wuce danfo biyu da wata doguwar bas ta molue, kwandasta yana dukan jikin mota yana yi mini ihu. Tun da nake hawa keke ban taɓa jin ƙafafuna haka ba, ko ina ɗan ashirin. Duk asubar nan ta hanyar Ota, duk kukan agogon nan, ga su sun fito, yadda Koci ya ce za su fito. Na bi ta Mushin, na bi ta Yaba, ina neman inda zafin zai fara, ban same shi ba. Wallahi daɗi na ji, daɗi na gaske, kuma a lokaci guda hawaye na zubo mini, iska na kai su cikin kunnena.

Koci yana zaune a dakalinsa na shigo layin. Na sauka ko haki ba na yi.

“Koci, ƙafafun sun dawo.”

“Na gani,” in ji shi. “Tun daga kan kwana na gani.”

“Ba yadda za a yi?”

Ya girgiza kai. “An rufe sunaye, Malam. Jibi za su tafi.”

Ya karɓi keken, ya juya taya, ya matsa birki, ya ce na riƙe shi da kyau. Sannan ya shiga gida ya fito da sifana. Wanda aka ɗauka ya fi ni gajarta. Koci ya kwance sirdin ya sauke shi ƙasa, ya ja baya ya duba, ya ƙara saukewa kaɗan. Na tsaya har ya gama ɗaure shi, sannan na tafi neman danfon Agege.